Masu Gadi Biyu a Jikin Ɗanki

 Kafin a buɗe akwatin zubi, ku ara mini kunne kaɗan.

Allah ya sa wa jikin ɗan'adam masu gadi iri biyu. Na farko da shi ake haihuwarmu: fata, hawaye, miyau, majina, da fararen ƙwayoyin jini masu cinye duk ƙwayar cutar da ta kutso. Idan ƙaya ta soki yaro wurin ya kumbura ya yi zafi, su ne suke faɗa. Suna da saurin tashi, amma ba sa riƙe fuskar ɓarawo.

Na biyu sai ya ga cuta sannan yake koyonta. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya shirya, amma in ya gane ta ba ya mantawa. Kun san wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi. To, ai wannan ne. Sai dai koyo ta hanyar ciwo akwai tsada, wani yaron ya rasa ido, wani ya rasa rai. Allurar rigakafi tana nuna wa mai gadin nan kamannin cutar ne ba tare da yaron ya kwanta ba.

Jariri kuwa da garkuwar aro yake zuwa, wadda ya samu daga uwa tun yana ciki, da kuma ta nono. Dakashin nan da wasu ke matsewa su zubar, wallahi shi ya fi ƙarfi, a ba shi. Aron yana ƙarewa cikin watanni, shi ya sa ake yin allurar ƙyanda a wata 9.

Inda muke sakaci shi ne allurar cinya, mai kare cututtuka biyar har da mashaƙo. Sau uku ce: sati 6, sati 10, sati 14. Da yaro ya yi zazzaɓi bayan ta farko, sai maigida ya ce an daina. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu alama ce jiki yana koyo. In ya wuce haka, a koma asibiti. Wace ce a cikinmu take zubi ɗaya ta ce a ba ta kwasa? Mashaƙon da ya yi tsanani a 2023 ya fi yin ɓarna a Jihar Kano, kuma yawancin yaran da ya kama ba su cika allurarsu ba.

Allurar kyauta ce a asibitin gwamnati. Wadda kuɗin mashin ya hana, ta yi magana da ma'ajiya a duba asusun taimako. Zama mai zuwa kowa ta zo da katin ɗanta, mu duba tare.