Jawabi A Kan Manhajar Da Aka Gina Da Kayan Aro

Masu rubuta manhajar waya da ta kwamfuta ba su kan ƙaga kome da kome da kansu ba. Akwai rumbuna a intanet inda ake ajiye guntayen aiki waɗanda wasu suka riga suka rubuta, kowa ya ɗiba kyauta ya haɗa da nasa. Dabarar tana rage wahala ƙwarai. Amma sau da yawa wanda aka ara a wurinsa shi ma aro ya yi, har a rasa inda jerin ya tsaya.

Ran 22 ga Maris, 2016, wani marubucin manhaja ya yi fushi da masu rumbun da ake kira npm, domin sun karɓe sunan wani aikinsa sun ba kamfanin Kik. Sai ya kwashe ayyukansa duka, fiye da 250. A cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, aikinsa cike gurbi a farkon rubutu. Nan da nan dubban ayyuka suka ƙi haɗuwa, har da manya irin su Babel, alhali da yawa daga masu su ba su taɓa jin sunansa ba. Sai da masu rumbun suka mayar da shi da kansu, sa'an nan suka tsananta dokar janye aiki.

Lalle ne hakimai da malamansu, in an kawo manhaja domin aikin ofis, su nemi mai ita ya ba da lissafin abin da ya aro, da lambar fitowar kowanne, da inda ya ajiye kwafinsa. In babu lissafin nan, kada a sa hannu a takardar biya tukuna.