Kafin Ka Rubuta Sunanka: Jawabi ga Sababbin Ɗalibanmu na Manchester da Birmingham



Shugaban taro, iyayenmu, malamanmu, ƙannena maza da mata, barkanmu da wannan rana. 'Yan Birmingham da kuka yi sammako kuka biyo jirgin ƙasa, sannunku da hanya. An ce zumunci a ƙafa yake, kun kuwa nuna.

An ba ni minti goma in yi magana a kan shiga ƙungiya a jami'a. Bari in fara da nasihar da aka yi wa yawancinmu ranar da za mu baro gida: "Karatu aka tura ka, ban da shiga ƙungiya." Mahaifina ya faɗa mini haka har sau uku a filin jirgi, kuma yana da hujja.

A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, don yaƙi da ƙabilanci da girman kan 'yan boko. Daga baya wasu suka ɓalle suka kafa nasu, aka shigo da rantsuwa da duka da makami, har aka wayi gari da abin da muke kira ƙungiyoyin asiri. A ranar 10 ga Yulin 1999 'yan irin wannan ƙungiya suka shiga ɗakin kwanan ɗalibai a jami'ar Ile-Ife da dare, suka kashe ɗalibai biyar. To, uban da ya ji wannan labari, me kuke so ya ce wa ɗansa?

A Amurka ma akwai ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na maza da na mata, masu sunayen haruffan Girka, irin waɗanda kuke gani a fim. Kwame Nkrumah da Nnamdi Azikiwe duk 'yan Phi Beta Sigma ne. Sun fitar da manyan mutane, amma a wasunsu an rasa rayuka wajen azabtar da sababbin shiga da tilasta musu shan giya. Nan Birtaniya tsarin daban ne. A makon farko na zangon Satumba za ka ga an jera tebura a harabar ƙungiyar ɗalibai: ga ta Musulmi, ga ta 'yan Najeriya, ga ta 'yan ƙwallo, ga ta masu muhawara. Ka rubuta sunanka, ka biya 'yan famfamai, shi ke nan.

Ni dai na bi nasihar Baba sau da ƙafa. Shekarata ta farko, daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗakin karatu. Da Disamba ta zo, ƙarfe huɗu ba ta cika ba gari ya yi duhu, ga ruwan Manchester da ba ya gajiya. Sai zazzaɓi ya kwantar da ni. Kwana huɗu ina kwance, wallahi ko mutum ɗaya bai ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Ba mugunta ba ce, babu wanda ya san ina nan. Wanda ya fara nemana wani ɗan'uwa ne da muka taɓa gaisawa sau biyu kacal a masallacin Juma'a. Ya ga bai gan ni ba, ya yi ta tambaya har ya gano ɗakina, ya zo da kunu a fulas. A makon da na warke na je na rubuta sunana.

Shi ya sa nake cewa, Baba ya yi gaskiya, amma rabin maganar ya faɗa. Kaɗaici ma yana cinye ɗalibi, ya cinye karatun da aka turo shi yi.

Ku kuma dubi garuruwan da kuke zaune. A Oktoban 1945, a zauren Chorlton da ke dab da titin Oxford, aka yi babban taron 'yan kishin Afirka karo na biyar. Nkrumah yana wurin, Jomo Kenyatta yana wurin, haka ma 'yan ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma da aka kafa a Landan a 1925. Kuna wuce ginin kullum, ku tsaya wata rana ku karanta allon da ke jikinsa. A Jami'ar Birmingham kuwa, a 1963, ɗalibai suka haɗu suka kafa FOSIS, uwar ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi na ƙasar nan. Ita ta kawo Malcolm X ya yi jawabi a Jami'ar Manchester a Disambar 1964. Yara ne kamarku suka yi wannan, masu jarrabawa a gabansu da kuɗin haya a wuyansu.

To, yaya za ka bambanta ta kirki da ta banza? Ka yi tambaya huɗu. Zan iya gaya wa mahaifiyata duk abin da ake yi a ciki? Sai an wulaƙanta ni ko an rantsar da ni kafin a karɓe ni? Ina kuɗinmu ke zuwa, wa ke da ikon duba lissafi? In na ce na fita, za a bar ni in tafi lafiya? Idan amsa ɗaya ta sa gabanka ya faɗi, ɗauki takalminka. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Mu ma tsofaffin 'yan ƙungiya, kada mu wanke kanmu. Ba mu da rantsuwa, amma muna da namu bangon. Sabon yaro ya shigo, tambayar farko ita ce "ɗan wace jiha?" Ɗan Maraɗi ko ɗan zangon Kumasi ya zauna a gefe kamar baƙon biki. Ɗan'uwanmu Kirista daga Kaduna ko Jos ya zo sau ɗaya, bai sake dawowa ba, ba wanda ya tambayi dalili. Ranar walimar Sallah 'yan'uwanmu mata ne ke kwana kan tukunya, ranar zaɓe kuwa sai a ce musu "ma'aji" ko "walwala". Wannan ma ai rufe ƙofa ne, mu gyara.

Ƙannena, ku shiga tamu, ku kuma shiga wata guda wadda ba kowa a cikinta da ke jin Hausa. Wanda ya yi shekara uku a Selly Oak ko Rusholme bai yi aboki ko ɗaya daga wata ƙasa ba, ya biya kuɗin makaranta bai karɓi canjinsa ba.

Roƙona na ƙarshe: kafin ku bar zauren nan, kowa ya karɓi lambar mutum ɗaya da bai sani ba. Idan Disamba ta zo, ka kira shi.

Allah Ya ba ku ilimi mai albarka, Ya mayar da ku gida lafiya.