Dariya Mai Ɗaci: Daga Bakin Rumbu Zuwa Shafin Jarida

Tun kafin jarida ta isa Takanamat, Ba'adare ya san dariya mai ɗaci. A 1984, ga fari, ga Najeriya ta rufe iyaka, sai talaka ya raɗa wa yunwar suna El-Buhari, tamkar ɗiya aka haifa wa Janar. Bayan fitowar jaridar Haske a 1990, masu zanen barkwanci suka gaji wannan harshe. Wani lokaci ma mahukunta kan riga su: a 2005, ana tsakiyar yunwa, Shugaba Tanja ya ce jama'a da alamar ƙoshi. Saboda haka, gwamnatin da zane ya ɓata wa rai, ta leƙa rumbu kafin ta kama mai alƙalami.