Baba Mai Zane da Bashin da Yake Bin Mu

(Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiyarmu, a filin makarantar firamare ta gari, lokacin hutun Kirsimeti)

 

Kwamitin shirya taro ya umarce ni da in yi magana a kan ilimi da ci gaban garinmu. Da na auna nauyin wannan batu, sai na ga hanya mafi sauƙi ita ce in ɗauki rayuwar mutum guda in shimfiɗa ta a gabanku, domin Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Mutumin kuwa shi ne marigayi malaminmu na zane, wanda laƙabinsa ya shafe sunansa na yanka, har yara da manya ba su san shi da wani suna ba sai Baba Mai Zane.

Kafin in shiga labarinsa, ya kamata mu san daga inda aikinsa ya samo asali. Koyar da zane a makarantun boko na ƙasar nan ya fara ne a Legas a shekarun 1920, ta ƙoƙarin Aina Onabolu, wanda ya matsa wa gwamnatin mulkin mallaka har ta kawo Kenneth Murray a 1927 don ya koyar da wannan fanni. A nan Arewa kuwa, Zariya ce cibiya. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarun Turawa, amma a gina su a kan fasahar da muka gada a gida. Wannan ra'ayi ya bi malamai ya shiga kwalejojin horon malamai, a can ne kuma Baba ya tsince shi. Bai taka jami'a ba, takardar malanta mai daraja ta biyu ce iyakar abin da yake da shi. Amma abin da manyan Zariya suka rubuta a takarda, shi ya aikata shi a ƙauye.

Lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, azuzuwa suka cika suka batse, malamai suka yi ƙaranci. A zamanin nan masaƙun Kaduna suna kan ganiyarsu, mai hannu irin nasa ba zai rasa gurbi a sashen zanen atamfa ba, da albashin da ya fi na malanta nesa ba kusa ba. Abokan karatunsa da dama sun tafi birni, ba kuwa wanda ya ga laifinsu. Shi sai ya roƙi a turo shi gida. Dalilin da ya riƙa bayarwa har ƙarshen ransa shi ne, baiwa amana ce, kuma Wanda ya ba da ita zai tambayi inda aka kashe ta.

Waɗanda suka zauna a ajinsa za su tuna cewa makarantar ba ta taɓa sayen fenti ko buroshi ba. Wannan bai hana shi aiki ko kwana ɗaya ba. Baƙi daga gawayi yake fitowa, fari daga farar ƙasa, ja daga jar ƙasar bakin rafi, rawaya daga gangamau, shuɗi daga baba. Yakan jiƙa ƙaro ya gauraya da su don launi ya kama takarda. Buroshi kuwa, gashin jelar akuya ne a ɗaure a bakin tsinke. Takardar zane ita ce buhun siminti da ya roƙo wajen magina, ya yayyanka, ya danne da dutse har ta miƙe. Ranar Juma'a da yamma duk aji ya gangara rafi ɗebo yumɓu. Da haka yaro yake tashi da sanin cewa ƙasar da yake takawa tana da arziki, in dai akwai ido da hannu.

Babban darasinsa shi ne dubawa. Yakan ajiye ganyen ɗorawa guda a kan tebur, ya hana kowa taɓa gawayi sai an ƙirga ƙananan ganyayen da ke jikinsa, an lura da yadda suke jeruwa biyu-biyu. Yaron da ya zana saniya daga ka, sai ya aike shi ruga ya dubo yadda ƙafar baya take lanƙwasa. A ganinsa, wanda ya iya duba halitta da natsuwa ya kama hanyar girmama Mahalicci, wanda kuma ya saba zana abin da bai gani ba zai saba faɗin abin da bai sani ba. Likitoci da injiniyoyi da lauyoyin da ke zaune a nan, ku tambayi kanku inda kuka fara koyon lura.

Game da bangaskiyarsa, ba na bukatar dogon bayani a gaban waɗanda suka san shi. Ƙararrawar addu'ar asuba ba ta taɓa riga shi isa majami'a ba. Shi ne malamin Makarantar Lahadi shekara da shekaru, shi ke karanta wa tsofaffi Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, ya kuma fassara musu da harshenmu. Amma kada mu ɗauka tafiyarsa da ikilisiya ba ta gamu da gargada ba. Iyayenmu da suka karɓi bishara sun fito ne daga al'adar da suka bari da ƙyar, saboda haka duk wata siffa ta yumɓu ko ta itace gunki ce a wurinsu. Da Baba ya nemi izinin zana labaran Littafi Mai Tsarki a bango, wasu dattawa suka tashi tsaye, har aka kai maganar gaban majalisar ikilisiya.

Bai ɗaga murya ba, bai kuma yi fushi ya ƙaurace wa sujada ba. Ya nuna musu cewa littafin Fitowa, wanda ya haramta yin sujada ga siffa a sura ta 20, shi ne kuma a sura ta 31 ya ba da labarin Bezalel, mutumin da Allah ya cika da hikimar aikin zinariya da azurfa da sassaƙar itace domin ginin alfarwa ta sujada. Abin da aka hana shi ne durƙusa wa aikin hannu. Koyarwa da shi kuwa hidima ce, musamman ga tsohuwar da ba ta iya karatu ba. Ya kuma kawo musu misalin majami'ar Wusasa, wadda aka gina a 1929 da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa, ba wanda ya ce ta rage tsarki. Daga ƙarshe aka daidaita: bangon majami'a ya zauna fari, ɗakin Makarantar Lahadi kuma aka bar masa. Ya karɓi hukuncin da hannu biyu. A ɗakin nan ne ya zana mai shuka yana yafa irin acca, da makiyayi mai kyau da sanda da malfa irin na maƙwabtanmu Fulani, da ɗa mubazzari yana dawowa gida ta hanyar da kowa ya gane hanyar kasuwarmu ce. Yara da yawa sun fara fahimtar cewa bishara tasu ce a gaban wannan bango.

Ajinsa bai taɓa zama na Kirista kaɗai ba. Akwai 'ya'yan Hausawan kasuwa da 'ya'yan Fulani, wasu iyayensu ba sa son a zana abu mai rai. Baba bai yi jayayya da kowa ba. Sai ya koya wa waɗannan yara zayyana, da dagi, da zanen ƙwarya, da adon wuyan riga, ya kuma ba su maki daidai da na kowa. A shekarun da zukata suka yi zafi, bayan rikicin Kafanchan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992, ƙofar gidansa ba ta rufu ga kowane ɗalibi ba. Liman yana nan zaune, shi ne shaida.

Akwai wani yaƙi da ya yi wanda ba kowa ya yaba masa ba a lokacin. Mun san ƙasarmu ta yi suna a duniya saboda siffofin yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kai na yumɓu da aka samo kusa da Jama'a, bayan an yi amfani da shi a matsayin mutum-mutumi a gonar doya, bincike kuma ya nuna irin waɗannan siffofi sun haura shekara 2,000. A shekarun 1990 dillalai suka cika ƙauyuka da kuɗi, samari suka bar gona suka shiga tono, kayan tarihi suka riƙa tsallaka iyaka zuwa Turai. Baba ya bi gida gida yana roƙo. Ya ce wa masu kiran su gumaka, aikin hannun kakanninmu ne, shaida ce cewa Allah ya ba mutanen wannan ƙasa basira tun kafin zuwan Bature. Ya ce wa masu sayarwa, wanda ya sayar da tarihinsa ya sayar da abin da ba zai iya fansowa ba. Wasu sun ji, wasu sun yi masa dariya. Yau wanda yake son ganin gadonmu sai ya tafi gidan tarihi na Jos, ko ya nemi biza.

Bai tara dukiya ba. A shekarun tsuke bakin aljihu na 1980, lokacin da malamai kan yi watanni ba albashi, gonar citta da ta dawa ce ta riƙe gidansa, tare da haƙurin Mama, wadda muke roƙon Ubangiji ya ƙara mata lafiya. Keke ɗaya ya hau har ya yi ritaya. Amma ku dubi amfanin gonarsa. Masu rubuta allunan shaguna, da masu yi wa manyan motoci ado, da teloli masu aikin wuya, da kafintoci, da magina, da masu zanen gine-gine da suka fito daga garin nan, kusan dukansu a ajinsa suka fara riƙe gawayi. Yakan tuna wa 'yan mata labarin Ladi Kwali, maginar tukwane da ba ta yi boko ba, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, wadda kuma daga baya aka sa hotonta a bayan takardar naira 20.

Yanzu sai mu zo ga bashin. Tun da Baba ya ajiye alli, makarantar nan ba ta sake samun malamin zane ba. Rufin ɗakin Makarantar Lahadi yana yoyo, damina ta riga ta cinye rabin hoton mai shuka. Zane-zanensa suna cikin akwati a ɗakin Mama, gara tana yi musu barazana. Mu da muke birni muna biyan kuɗi masu yawa don 'ya'yanmu su koyi zane a makarantun kuɗi, 'ya'yan 'yan'uwanmu na gida kuwa ko fensir mai launi ba su taɓa riƙewa ba. Cutar da ta afka wa citta a 2023 ta nuna mana haɗarin dogaro da abu guda. Matashin da yake da sana'ar hannu bai kwana da yunwa ba a shekarar nan kamar wanda ba shi da ita.

Saboda haka ina gabatar wa wannan taro shawarwari huɗu. Na farko, a gyara rufin ɗakin nan kafin ruwan farko, a nemo masani ya ceto abin da ya rage a bango. Na biyu, reshen Jos da na Kaduna su ɗauki nauyin ɗaukar hoton kowane zane da ke cikin akwati, a adana su a kwamfuta, a sa na asali cikin gilashi. Na uku, ƙungiya ta ɗauki malamin zane da aikin hannu, ta riƙa biyansa daga gudummawar rassa har gwamnati ta turo nata. Na huɗu, a kafa kyauta ta shekara-shekara don tunawa da shi, wadda kowane yaron gari zai iya nema, Kirista ko Musulmi, kamar yadda ajinsa yake. Ina roƙon shugaban taro kada a tashi sai an naɗa waɗanda za su riƙe kowane aiki, an kuma sa musu wa'adi.

Ubangiji ya ta'azantar da iyalinsa, ya albarkaci garinmu da zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.