Sa Ido Kan Mahaɗar Kwamfutocin Makarantunmu: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Reshe a Yelwa



An umarce ni in yi bayani kan manhajar da ke sa ido a kan mahaɗar kwamfutoci, wato wayoyi da na'urorin da ke haɗa kwamfutocin ɗaki guda su yi magana da juna. Wani zai ce wannan aikin injiniyoyi ne. A da haka ne. Amma tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, jarrabawar TRCN ta tantance malamai ma haka, kuma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta umarci WAEC da NECO su bi sahu. Ɗakin kwamfuta ya zama zauren jarrabawa, mabuɗinsa kuwa yana hannun malami.

A ranar 14 ga Mayu 2025, shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya bayyana cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, har sai da aka sake musu jarrabawa. Waccan matsala ta manhaja ce, ba ta waya ba, amma darasinta ya shafe mu: ba a gano ɓarnar ba sai da sakamako ya fito. Idan kuwa a ƙaramin ɗakinmu abu ya lalace babu shaida, malamin kwamfuta za a fara tuhuma, shi kuwa yaron da aka yi wa kuɗin mota daga Wara, ko aka tsallako da shi a kwalekwale daga tsibiran tafkin Kainji, ya yi asarar shekara.

Aikin manhajar sa ido mai sauƙin fahimta ne. Kowane minti tana aika ɗan gajeren saƙo ga kowace na'ura, ta rubuta abu uku: ta amsa ko ba ta amsa ba, tsawon lokacin da amsar ta ɗauka, da yawan saƙonnin da suka ɓace a hanya. A ɗakin da wayoyinsa ke lafiya, amsa ba ta wuce kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa, kuma saƙo ba ya ɓacewa. Ta hanyar ƙa'idar da ake kira SNMP, tana iya tambayar akwatin rarraba wayoyi nauyin da kowace kafa tasa ke ɗauka.

Kuɗi ba zai zama uzuri ba. Zabbix da Nagios Core da Uptime Kuma duk kyauta ake samun su. PRTG ma tana da ta kyauta, sai dai iyakarta ma'auni 100, alhali cibiyar JAMB sai da kwamfuta 250. Ƙaramar makaranta za ta iya farawa da Uptime Kuma saboda sauƙinta, babbar cibiya kuwa Zabbix ta fi dacewa da ita.

Ga matakan da nake ba da shawara a bi. Da farko, a ware tsohuwar kwamfuta guda ga wannan aiki kaɗai, a haɗa ta da batir ko sola. Ko da yake muna zaune a gefen tafkin da madatsarsa ke ba ƙasa lantarki tun 1968, kowa ya san yadda wuta ke ɗaukewa, mai gadin da ke barci tare da masu gida kuwa ba shi da amfani. Na biyu, a ba kowace na'ura adireshi tsayayye da suna daidai da lambar kujerarta, domin idan allo ya nuna ja a lamba 47 a san inda za a nufa. Na uku, a bar manhajar ta yi mako biyu tana aunawa, sa'an nan a kunna dukkan kwamfutoci lokaci guda, ɗalibai su zauna gwaji. Wayar da ɓera ya ci, da akwatin da ƙurar hunturu ta toshe, da wanda zafin bazara ke sa shi tsayawa da tsakar rana, a nan asirinsu ke tonuwa. Na huɗu, a taƙaita ƙararrawa ga manyan abubuwa. Wadda ke kuka a kan kome, ba a daɗewa ake daina sauraronta. Na biyar, a buga rahoton kowane mako, shugaban makaranta ya sa hannu, a adana.

Wannan mataki na ƙarshe shi ya fi shafar ƙungiya. Malamin da ya rubuta neman gyara sau uku, da rahoto a liƙe, yana da hujja a gaban kowane kwamitin bincike, kuma reshe zai iya tsaya masa da takarda a hannu.

Akwai iyaka da ya wajaba a kiyaye. Manhajar tana auna lafiyar hanya ne, kada a mayar da ita abin leƙen aikin ɗalibai ko na malamai. Ranar jarrabawa kuma dokar hukumar jarrabawa ce a gaba: kada a jona wata na'ura sai da izinin jami'anta. Aikinmu na makonnin da suka gabaci ranar ne, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ina roƙon reshe ya nemi kowace makaranta mai ɗakin kwamfuta ta turo malamai biyu horo kafin ƙarshen wannan zango, biyu domin kada sauyin wurin aikin mutum guda ya tafi da ilimin. Allah ya ba ɗalibanmu sa'a.