Muhawarar 'Yan Takara da Abin da Ya Wuce Kunnenmu
Jawabi ga dattawan ikkilisiyoyin Jega, Aliero da Maiyama, a Jiga Birni



An ce in yi magana a kan muhawarar masu neman shugabancin ƙasa, tun da gangar 2027 ta fara kaɗawa. To, masu cin zaɓe a ƙasar nan ba su cika zuwa muhawara ba. A watan Maris 2011 Buhari da Ribadu da Malam Ibrahim Shekarau sun tsaya gaban talabijin, Shugaba Jonathan bai zo ba. Jama'a da yawa suka ce Shekarau ya fi kowa iya magana, amma na huɗu ya zo. A Janairu 2019 Buhari bai halarta ba, Atiku kuwa ya iso wurin, da ya ga babu shi sai ya juya.

Saboda haka abin da ke iso mu a kasuwar Jega ba muhawarar ba ce, guntun magana ne da wani ya yanko ya tura a waya. Yawanci kuma kan addini ne, domin shi ya fi saurin tafasa jini.

Ku tuna 2023. Watanni muka yi muna cacar baki kan Tinubu da Shettima, Musulmi biyu a tikiti ɗaya. Ban ce damuwar ba ta da tushe ba. Wanda yake tsiraru dole ya tambayi wa zai ji kukansa. Amma a lokacin nan Tinubu da Atiku da Peter Obi, dukansu uku, sun faɗa a fili cewa za su cire tallafin man fetur. Mu nawa muka tsaya a kan wannan? Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire shi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Mai ɗora albasa daga Aliero zuwa Kudu, ba a tambaye shi addininsa a gidan mai ba. Baikon Lahadi ma ya shaida.

Akwai kuma abin da ya fi tsada nauyi. Bayan zaɓen Afrilu 2011 an kashe mutum fiye da 800 a jihohin Arewa cikin kwana uku, Kirista da Musulmi, an ƙone majami'u da masallatai. Zafafan kalamai ne suka share wa wutar nan hanya. Idan ta tashi, ɗan takara yana Abuja, mu ne a tsakiyar unguwa da maƙwabtan da muke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya.

Roƙona gare ku, dattawa: kada a ba ɗan siyasa bagade, ko da ya yi alkawarin kwanon rufi. Matasanmu kada su tura saƙon da ba su ji farkonsa da ƙarshensa ba. In wakilin jam'iyya ya zo, a zaunar da shi a waje, a tambaye shi taki, da tsaro bayan abin da ya faru da ɗaliban Birnin Yauri a 2021, da batun filin gina majami'a. Magatakarda ya rubuta amsarsa da kwanan wata, a ajiye a littafin ikkilisiya.