Hoton Da Muka Rataya A Zauren Taro



Jama'a da dama sun tambaye mu, me hoton damben Turawa yake yi a zaurenmu? To, ga dalili.

Wani Ba'amurke mai suna George Bellows ne ya zana shi, ya rasu a 1925. A kan shafaffen dutse ya yi zanen da alli mai maiƙo, aka jiƙa dutsen da ruwa, aka shafa tawada. Tawadar ba ta kama ko'ina sai inda maiƙon yake, sannan aka danna takarda a kai. Shi ya sa kuka gan shi baƙi da fari. Namu kwafi ne kawai.

Damben kuwa an yi shi ne ran 14 ga Satumba, 1923, a birnin New York, tsakanin Jack Dempsey, zakaran duniya, da Luis Firpo mutumin Ajantina. Sau 7 Dempsey yana kai Firpo ƙasa a turmin farko. Sai Firpo ya miƙe, ya narka masa naushi, ya cilla shi ta tsakanin igiyoyi, ya faɗa kan 'yan jarida.

Ku dubi hoton da kyau. Ga Firpo tsaye ƙyam, ya ware ƙafafu kamar an dasa shi. Ga zakara yana zubowa da baya, ƙafa a sama. Mai zanen ya ajiye mu a ƙasa ne, cikin waɗanda mutumin zai faɗo wa.

Abin mamaki, wanda ya faɗo ɗin nan shi ya ci damben a turmi na 2. A damben gida da tuni an ce an kashe shi. Amma mutanen da ke ƙasa suka sa hannu suka tura shi ya koma fage.

'Yan'uwa, mu da muke baƙunta a Kudu mun san faɗuwa. Gobara ta cinye rumfar wani, motar goron wani ta kife a hanya. Ba mu da gona a nan, ba mu da dangi sai junanmu. Wata uku ke nan rabin mambobi ba su biya kuɗin asusun taimako ba. In ɗayanmu ya faɗo gobe, hannun wa zai tare shi?

Ma'aji yana bakin ƙofa da littafinsa. Allah Ya rufa mana asiri, amin.